Maganin da Inna Ke Jira

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce nake aiko miki daga bakin ruwa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Ina fatan kina lafiya, ke da Yaya da jikokin nan naki masu hana ki barcin rana. Ya ƙafarki ta hagu? Har yanzu tana ƙorafi in kin daɗe a kan keken ɗinki? Ni dai ina nan ƙalau, sai kewa, ita kuwa ba a samo mata magani a tsibirin nan ba, duk da cewa neman magani ne ya tara mu.

Ki yi haƙuri da batun waya. A nan sai mutum ya hau kan tankin ruwa kafin ta kama, da na ce "Inna" kuma sai ta yanke, in sauko ina hararar sama. Shi ya sa na koma takarda. Jirgin da ke kawo mana abinci shi zai riƙa ɗaukar miki.

Yaya ta ce in maƙwabta sun tambaye ki aikina sai ki ce, "Kamun kifi take yi da digiri." Haba Inna! Bari in wanke kaina. Akwai masu nutso da ke goya tukunyar iska su shiga ƙarƙashin teku, su fito mana da soson teku a cikin jakar raga. Kada ki ɗauka irin na wanka ne. Halitta ce mai rai, manne da dutse, wani ja, wani rawaya, wani kamar ɗanyar hanta. Warinsa kuwa, in ya kama rigarki sai dai ki yafe ta. Ni nake wanke su, in yanka, in busar, in niƙa, in jiƙa garin a sinadari, in tace. Bokiti guda cike, abin da zai rage a ƙasan kwalba bai kai kwallin da kike laƙatowa da tsinke ba.

Za ki ce wahalar me ke nan. Shi soson nan ba shi da ƙafar gudu, ba haƙori, ba ƙoƙo a bayansa, amma kifi ba ya cinsa, ciyawar ruwa ba ta tsiro a jikinsa. Allah ya ba shi wani dafi da yake kare kansa da shi. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce abin da ke hana wata halitta yaɗuwa a jikin soso, wataƙila ya hana ciwon daji yaɗuwa a jikin mutum. To dafin nan muke nema, musamman saboda ciwon dajin nono.

Har 'ya'ya gare ni, in gaya miki. Ƙwayoyin ciwon ne muke rainonsu a cikin ƙananan faranta masu murfi, a wani kabad mai ɗumin jikin mutum, don mu gwada dafin a kansu. Ni ke canza musu ruwan abincinsu a kan kari, in na yi sakaci su mutu, aiki ya koma baya. Ni da na kashe miki shukar da ke bakin taga don mantuwa, yau ni ce uwar goyo. Farfesa ya ce bai taɓa ganin mai hannun raino irina ba, na ce masa da Innata ta ji da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Yanzu kuma zan yi miki ƙorafi. A ƙarshen takardarta Yaya ta ce ta raka ki asibiti saboda wani ƙullutu da kika ji a nononki na dama, har an ɗebi tsoka za a gwada. Ke kuwa kin cika min shafi da labarin matar mai gidan haya da ta ce kin matse mata riga, ba ki ce uffan a kan wannan ba. Inna, ni fa aikina ke nan. In kin ɓoye wa kowa, kada ki ɓoye min. Da zarar sakamako ya fito a rubuto min abin da likita ya faɗa, kalma da kalma.

Da safe in na farka na ji ƙarar ruwa, sai in rufe ido in ce kekenki ne ke tafiya a ɗakin gaba, in jira ki ƙwala min kira in zo in sa miki zare a allura. Ba ki kira, sai in tashi.

Ki gaida Yaya da yara. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Taki har kullum,
Auta

*

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi. Ya barci? Ya cin abinci? Kada ki ce min "lafiya lau" irin taki, na san ki da ƙarfin hali.

Takardar Yaya ta iso. A kan gadar da jirgi ke tsayawa na buɗe ta, na karanta a tsaye, sai da wani mai nutso ya ce, "Malama, matsa baya kada ki faɗa ruwa," na san inda nake. Ashe dai ciwon dajin ne. Sunan da nake rubutawa kullum a murfin faranti, yau ga shi a jikin takarda kusa da sunanki. Na shiga ɗakin gwaji na buɗe kabad ɗin nan, na tsaya ina kallon 'ya'yan nawa. Wallahi Inna, ji na yi kamar in kwashe su in watsa a teku. Amma na wanke hannu na ba su abincinsu, ina yi ina kuka, har gilashin madubin da muke leƙa ƙwayoyin da shi ya yi hazo.

Na je wajen Farfesa na ce zan tafi gida. Mutumin kirki ne, bai hana ni ba, sai dai ya tuna min cewa lokacin nutso gajere ne, da iska ta juya teku ba ya shiguwa sai baɗi, kuma babu wanda ya san halin ƙwayoyin nan kamar ni. Ya ce in zaɓa. Na yi ta saƙawa da kwancewa, na ce bari in ƙarasa wannan zagayen, tunda likita bai sa ranar yi miki tiyata a kusa-kusa ba, kuma Yaya na tare da ke. Ki yafe min in na yi kuskure.

Amma ga abin da ya sa na kasa barin alƙalami ya huta. Cikin makon nan masu nutso sun kawo wani jan soso daga gindin wani dutse mai zurfi, ba mu taɓa ganin irinsa ba. Na tace shi kamar sauran, na ɗiga ɗan mitsitsi a faranti, na mayar kabad. Da na duba a madubi, Inna, sun mutu! Ƙwayoyin da ke shimfiɗe suna yaɗuwa kamar su suka mallaki duniya, duk sun ƙudundune sun taso saman ruwa. Na sake gwadawa, haka. Na kira Farfesa, ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Mutumin da dariyarsa sai an yi tsammani, ranar har tafi ya yi.

Ki duba ikon Allah. A makon da aka gaya min ciwonki, a makon ya nuna min abin da ke kashe shi. Ban san yadda zan fassara wannan ba, in ba ce min aka yi saboda ke aka kawo ni tsibirin nan ba. Duk warin da na sha, duk amai a cikin kwale-kwale, ashe ba a banza ba ne. Ina ji a jikina maganin ciwonki yana nan a ƙasan wata 'yar kwalba a kan teburina, ja-ja-ja kamar ruwan shayi.

Ki bi abin da likita ya ce, ki rage zama a kan keke. Matar mai gidan haya ta kai rigarta wani wuri.

Kewarki ta hana ni sakat. Har faɗanki nake marmari, ko na cewa na bar almakashi a kan gado.

Autarki mai ƙaunarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, ke da maigidan da yara. Allah ya saka miki da alheri, ke kaɗai kike ɗauke da kayan mutum biyu, na sani.

Na karanta takardarki. Kin ce ranar aikin ta zo, kin shirya jaka, Inna ta ce ba inda za ta je. Kin ce ta gaya wa likita a gaban ma'aikata, "Likita, ajiye wuƙarka, Autata ta samo maganin a teku." Har ta wanke kwalbar turare ta ajiye a kan kabad wai a nan za a zuba mata, tana kuma nuna wa duk mai zuwa awo takardata. Yaya, me ya sa ba ki ƙwace takardar kin yaga ba? A'a, ba laifinki ba ne. Ni ce mai dogon baki. Magana zarar bunu ce, na zare, yanzu ga shi ta ƙi komawa.

Kin tambaye ni tsakani da Allah ko in aiko da ko ɗan kaɗan ne a gwada, tunda ta kafe. Ki saurare ni da kyau. Bayan na aika wa Inna waccan takardar, mun yi gwaji na gaba, wanda ya kamata in jira kafin in buɗe baki. Mun ɗiga ruwan jan soson a kan lafiyayyun ƙwayoyin jikin mutum. Su ma ya kashe su, Yaya, bai bar ko ɗaya ba. Dafi ne da bai san abokin gaba ba, bai san ɗan gida ba. Murnarmu ta koma ciki. Farfesa ya ce ba a yanke ƙauna ba, sai an rarrabe sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a ga ko akwai wanda ke zaɓe. In an same shi a gwada a dabba, in ya wuce a gwada a mutane kaɗan, sannan da yawa. Aikin shekaru ne masu yawa, yawanci ma a hanya yake mutuwa. Duk wannan na sani tun ina makaranta, amma ranar da na ga ƙwayoyin nan sun mutu ban tuna da ko ɗaya ba, fuskar Inna kawai nake gani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da kika ce likita ya ji a hammatarta. In ya fara taɓa can, to ciwon ya kama hanya, shi kuwa ba ya jiran kowa. Na fi kowa sanin saurinsa, ni ke ciyar da shi da hannuna ina ganin yadda yake cika faranti. Ki koma wajen likita ki ba shi haƙuri, ki ce tsohuwa ce da 'yarta ta ruɗe. Ki roƙe shi ya sake sa rana.

Na san za ki ce, "To ke me ya hana ki zuwa?" Kin ma faɗa, a layin ƙarshe, kin kuma ja masa layi har takarda ta huje. Yaya, in na tafi yanzu rarrabewar nan ta tsaya, soson da ke hannu ya lalace, sai baɗi. Ina ganin in na tsaya na gama, ko ba don Inna ba, don wata uwar. Haka nake gaya wa kaina, wani lokaci in yarda, wani lokaci in ji kamar ƙarya nake yi.

Ga takarda nan ta Inna a haɗe. Kada ki ba ta ta karanta da kanta, kin san ta da tsallake abin da ba ta so. Ke ki karanta mata, a hankali, ki kashe rediyo.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ki, ina tambayar jiki da ƙarfin zuciya. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunki.

Inna, yau ba zolaya a takardata. Kin raine ni a kan cewa in na ɓata ɗinki in faɗa kafin mai kaya ya gano. To na ɓata. Abin da na ce miki magani ne, ba magani ba ne tukuna. Ya kashe ciwon a faranti, gaskiya ne, amma da muka gwada shi a kan lafiyayyen jiki, shi ma ya kashe. Da zan ɗiga miki shi a baki, da ni ce zan yi ajalinki da hannuna. Ko da Allah zai sa wani abu ya fito daga cikinsa, sai jikokinki sun girma. Jiransa jiran gawon shanu ne, ki daina.

Kin san yadda kike yi in wuta ta taɓa gefen yadi. Ba kya zama kina kallon ƙunar tana ci, yankewa kike yi ki ceci sauran. Likitan nan abin da yake so ya yi ke nan, kuma ya iya aikinsa fiye da yadda na iya nawa. Mata da yawa an yi musu, suna nan suna yawonsu, wasu ma kin ɗinka musu riga ba ki sani ba.

Na san abin da ke ranki wanda ba za ki faɗa wa likita ba. Kina jin kunyar a ce an rage ki, kina tunanin yadda za ki kalli kanki a wajen wanka. Inna, nonon nan ya gama aikinsa. Ya raini Yaya, ya raine ni, ni ma har na wuce ƙa'ida, tunda kin sha ba da labarin yadda na ƙi yaye sai da aka kai ruwa rana. Babu sauran mai bin sa bashi. Ki bar musu shi su ɗauka, su bar mana ke. Ni ba nono nake kewa ba, muryarki nake kewa, da tafin hannunki mai kanta a kan goshina, da yadda kike cewa "wannan yarinya" kina girgiza kai kina ɓoye murmushi.

Don Allah, don darajar wahalar da kika sha a kanmu, in Yaya ta kawo sabuwar rana ki shirya ki bi ta. Ni kuma da zarar na gama aikin da ke gabana zan taho, in same ki kin warware, in yi ta yi miki hidima har ki gaji ki kore ni.

Iska ta fara juyawa a nan. Da yamma nakan zauna a kan gada in kalli inda jirgi ke ɓacewa, in ce ta can gidanmu yake. Masu nutso sun gane, sun daina yi min magana a lokacin.

Ki yafe min.

Autarki

*

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki. A gurguje nake rubutu, jirgi na sauke kaya, ba zai daɗe ba.

Amsar Yaya ta zo. Ta ce ta karanta miki takardata kamar yadda na roƙa, kin saurara har ƙarshe ba ki katse ta ba. Da ta gama sai kika ce, "Yarinyar nan ta ɗauka ni sakarya ce. Na san ba a haɗa magani a wata guda. Amma na ce in dai maganin nata ne, ai ba za ta ba jirgi saƙo ba, da hannunta za ta kawo." Ta ce daga nan kika juya fuska bango.

Inna, na karanta wannan layin har na haddace. Ni da nake taƙama ina ganin abin da ido ba ya gani a madubi, ga abu ƙato a gabana ban gani ba. Na yi ta aiko miki da bayani shafi-shafi, ashe ke ba bayani kika tambaya ba. Me ya hana ki ce min "zo" kawai? Na sani, ba za ki faɗa ba. Ke da kika yi ta taka keke har ƙafa ta lalace don in yi karatun nan, ba za ki buɗe baki ki ce in bar shi ba ko da za ki mutu. To kin kusa, kuma ni ba zan yarda ba.

Yau da safe na kwashe 'ya'yan nawa daga faranta, na zuba su a ƙananan kwalabe, na sa su cikin tukunyar sanyi mai hayaƙi inda suke daskarewa. A haka za su iya kwana shekaru, ba ci ba sha. Tun farko ana iya yin hakan, ni ce ban so aikin ya tsaya ba. Yanzu ya tsaya. Jan soson da ya rage zai lalace, sai baɗi in Allah ya kai mu, in ma wani ya riga mu, ya riga mu. Da na gaya wa Farfesa, shi da kansa ya riƙe min murfin tukunyar.

Wannan jirgin ba ya ɗaukar fasinja, takarda kawai zai tafi da ita. Na fasinja na nan tafe kafin iska ta rufe hanya, na riga na sa sunana. Don haka takardar nan za ta riga ni da kaɗan, ki sa Yaya ta je wajen likita tun yanzu, kada a jira in iso.

Ba ni da magani, Inna. Hannu rabbana zan zo, sai jakar kayana masu warin teku. Amma ni zan sa miki rigar asibiti, ni zan riƙe hannunki har ƙofar ɗakin aikin, in kin buɗe ido kuma ni za ki fara gani. Ki ce wa likita ya sa rana.

Ga ni nan tafe.

Auta